Dakashi da Rayuwar 'Yan Awaki a Ƙasar Minjibir



Maganar da za a yi yau a kan dakashi ce, watau nonon farin nan mai kauri, mai launin ɗorawa, wanda ke zuwa wa dabba ko mace a ranakun farko bayan haihuwa. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, ashe jami'a ta rasa abin da za ta tara mutane a kansa sai ruwan hantsar akuya? Tambayar ba laifi ba ce. Amma duk wanda ya taɓa kwana a gidan karkara, ya ga matar gida ta tashi da asuba ta tarar da ɗan akuyar da ta yi wata biyar tana jira ya sandare a gindin turke, ya san cewa abin da ake magana a kansa dukiya ce, kuma ta mutanen da ba su da wata mai yawa bayanta.

An zaɓi ƙasar Minjibir ne don a kafa misali da ita, saboda tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano, inda mutane suka yi yawa har gona ta haɗe da gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson sun bayyana wannan yanki a wani rahoto da Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1965, kuma tun a lokacin sun ga cewa saura ya kusa ƙarewa, ana noma kowace gona shekara da shekaru ba hutu. Abin da ya hana ƙasar mutuwa kuwa shi ne taki. Daga Minjibir zuwa Kunya da Wasai, manomi yakan tara kashin awaki da tumaki a cikin gida, ya kwashe shi da rani a mangala ko a amalanke ya kai gona. Gona ta ba da kara da harawa, dabba ta ci, ta mayar wa gona da taki. To, a wuri irin wannan babu dajin da za a saki dabba ta nemi na kanta. Da damina tana ɗaure a turke don kada ta yi ɓarna, sai abin da aka yanko aka zuba mata. Saboda haka cinta da shanta da haihuwarta duk suna hannun mutum, kuma galibi hannun mace ne, domin a ƙasar Hausa mata ne suka fi mallakar awaki. Da akuya ake yin kayan ɗakin 'ya, da ita ake biyan kuɗin asibiti, ita ake kaiwa kasuwa ranar da hatsi ya ƙare a rumbu.

In ɗan akuya ya mutu a makonsa na farko, abin da aka fi ji shi ne, "Bai zo da kwana ba," ko "Sanyi ne ya kama shi," ko "Zawo ne." Babu wanda zai yi jayayya da ƙaddara. Sai dai ita kanta ƙaddara tana tafe da sababi, kuma binciken likitocin dabbobi na shekaru fiye da ɗari ya nuna cewa sanyin da zawon sau da yawa rassa ne kawai. Saiwar ita ce ɗan bai sha dakashi ba, ko bai sha isasshe ba, ko ya sha a makare.

Kalmar dakashi ba baƙuwa ba ce a Hausa, ba kuma malaman kimiyya ne suka ƙirƙiro ta ba. Wannan ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe da lura cewa nonon farko dabam yake da na baya, har ya ware masa suna. Abin dubawa shi ne hukuncin da ya yanke masa bayan ya ware shi. A wasu gidajen ana ɗaukar sa gurɓataccen nono ne, wanda ya daɗe a hantsa ya lalace, sai a tatse shi a zubar don "a wanke" hantsar. A wasu kuma abin marmari ne: yara su tatso shi su ɗora a wuta, ya daskare kamar ƙwai, su cinye. Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba, mutanen Indiya da na arewacin Turai ma suna da abincin da suke yi da dakashin saniya. Amma saniyar Turai da aka yi wa kiwon madara tana ba da abin da ya fi ƙarfin maraƙinta, akuyar ƙauye kuwa ɗan abin da ke hantsarta da ƙyar yake isar 'ya'yanta. Ko an zubar ko an dafa, mai shi na ainihi ya rasa.

Don a gane girman wannan rashi, sai an koma cikin mahaifa. Jinin kowace dabba babba yana ɗauke da wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa duk lokacin da ya yi karo da wata cuta ya rinjaye ta. Masana suna kiran su imunogulobulin, a nan kuwa za a kira su sinadaran garkuwa. Kowane iri da cutar da aka ƙera shi dominta. A wajen ɗan Adam, mabiyiya tana barin waɗannan sinadarai su ratsa daga jinin uwa zuwa na ɗan tayi, musamman a watannin ƙarshe, don haka jariri yakan faɗo duniya da guzurinsa. Mabiyiyar akuya da tunkiya da saniya da goɗiya da alade ba haka take ba. Shimfiɗun da ke tsakanin jinin uwa da na ɗa sun fi yawa, abinci da iska suna wucewa, amma sinadaran garkuwa ba sa wucewa. Ɗan akuya yakan faɗo kan ƙasar turke, inda kashi da fitsari suka jiƙa, jikinsa kusan babu makami ko ɗaya. Abin da uwar ke yi a makonnin ƙarshe na ciki shi ne ta kwashe garkuwar daga jininta ta tara a hantsa. Wannan tarin shi ne dakashi, shi ya sa yake da kauri da danƙo.

Paul Ehrlich, wani masani Bajamushe, shi ya fara nuna wannan hanya a 1892. Ya yi musayar 'ya'ya tsakanin ɓerayen da aka yi wa rigakafin wani dafi da waɗanda ba a yi wa ba, sai ya ga kariyar tana bin nono. Bayan shekara talatin, a 1922, Theobald Smith da Ralph Little suka gwada abin a kan maruƙa a Amurka. Maruƙa goma da aka bari suka sha dakashi duk sun rayu. Daga cikin goma sha biyun da aka hana, takwas suka mutu, aka yanka na tara yana gargara. Da aka buɗe su, sai aka ga ƙwayoyin cutar da ke zaune lami lafiya a hanjin kowace dabba ne suka tsallaka cikin jini suka mamaye jiki, saboda babu mai tare su.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce mutane suka fi jahilta. Sinadaran garkuwa manya ne, hanjin babbar dabba ba ya barin su su shiga jini, narkar da su yake yi kamar sauran abinci. Hanjin sabon haihuwa ne kaɗai yake a buɗe, yana haɗiye su ɗungurungum. Buɗewar nan kuwa ba ta daɗewa. Ta fi ƙarfi a sa'o'i shida na farko, daga nan ta riƙa raguwa, in an yi kwana ɗaya cur ta rufe ke nan har abada. A can ɓangaren uwa ma haka: da zarar an haihu, hantsa ta fara zubo nono na yau da kullum, yana tsinka dakashin. Ƙofa biyu ke nan suke rufewa tare. Ɗan da aka haifa da tsakar dare, aka lura da shi bayan la'asar cewa bai kama nono ba, ya riga ya yi asarar mafi yawan rabonsa, ko da an cika masa ciki daga baya.

Ba garkuwa kaɗai ke cikin dakashi ba. Yana da mai da yawa, wanda shi ne itacen da ɗan ke hura wutar jikinsa da shi. An haife shi a jiƙe, da ɗan kitse kaɗan wanda ba ya wuce 'yan sa'o'i yake ƙonewa. In bai sami abin da zai maye gurbinsa ba jikinsa ya yi sanyi, in ya yi sanyi ya kasa tsotso, in ya kasa tsotso ya ƙara sanyi. Dakashi ne kuma ke tura baƙin kashin nan na farko ya fita.

A nan ya kamata a ɗan ratse zuwa ga wata dabba da ba a kiwonta a Minjibir, watau alade. Musulmi ba ya cin sa, ba ya kiwon sa, amma sanin abu dabam, cin sa dabam, kuma a Arewa ma akwai masu kiwonsa, har da babbar kasuwarsa a wajen Kafanchan. Dalilin ratsewar shi ne an auna dakashin macen alade filla-filla, saboda ita ce mai haihuwar 'ya'ya da yawa a ciki ɗaya, kuma a Turai kuɗi masu yawa sun rataya a kan ko nawa ne za su rayu. Cikinta kwana 114 ne, tana da kan nono kamar goma sha huɗu. Masu kiwo a ƙasashe irin su Denmak sun yi ta zaɓen iri mai yawan haihuwa, har aka kai inda 'ya'yan ciki ɗaya sukan fi kan nonon uwarsu yawa. Sai aka gano wani abu mai tayar da hankali: yawan dakashin da uwa ke yi ba ya ƙaruwa don 'ya'ya sun ƙaru. Ƙwarya ɗaya ce, masu sha ne suka yi yawa. Haihuwar kuma takan ɗauki sa'o'i, saboda haka na farin sun sha mai kauri sun ƙoshi kafin autan ya faɗo, shi kuwa ya tarar da tsinkakke, ga shi sau da yawa shi ne ƙarami mara ƙarfin ture 'yan'uwansa.

Masu bincike na cibiyar nazarin aikin gona ta Faransa, cikinsu har da Nicolas Devillers da Jean Le Dividich, sun riƙa auna nauyin kowane ɗa a lokacin haihuwa da kuma bayan kwana ɗaya don su ƙiyasta abin da ya sha. A sakamakon da suka buga a 2011, cikin waɗanda suka sha fiye da giram 200, kimanin 7 cikin ɗari ne suka mutu kafin yaye. Cikin waɗanda ba su kai giram 200 ba, kimanin 43 cikin ɗari ne suka mutu. Giram 200 bai fi cikin kofin shayi ba. Daga irin wannan bincike ne dabarar raba shan nono ta yaɗu: a kwashe manyan da suka riga suka ƙoshi a sa su a akwati mai ɗumi na sa'a ɗaya ko biyu, a bar ƙananan su sami fili. Dabarar ba ta bukatar magani ko na'ura, ido kawai take bukata da wanda zai tsaya.

To, sai a dawo gida. Jar akuyar nan da ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, da 'yar'uwarta ta ƙasar Kano, an san su da haihuwar tagwaye, wani lokaci har 'yan uku. Mai akuya takan yi murna in ta ga uku, kuma ta yi gaskiya. Amma kan nonon akuya biyu ne. Matsalar alade ce ta dawo a ƙaramin siffa: na ukun, wanda ya fi ƙanƙanta, yana tsaye a gefe yana kuka, ana cewa rago ne, alhali layi ne bai kai kansa ba. Ma'aunin da likitocin dabbobi ke bayarwa ga 'yan tumaki da 'yan awaki shi ne mililita 50 ga kowane kilo na nauyin ɗan a shan farko, cikin sa'o'i biyu da haihuwa, da kuma kimanin mililita 200 ga kowane kilo kafin kwana ya zagayo. Ɗan jar akuya yakan zo da nauyin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Ke nan mai kilo biyu yana bukatar abin da ya ɗan fi cikin kwalbar lemo ta santilita 35 a ranarsa ta farko. Tagwaye su ninka wannan. Tambayar da ta rage ita ce, wace akuya ce za ta iya ba da haka, kuma me ta ci?

Amsar tana cikin lissafin watanni. Cikin akuya kwana 150 ne, wata biyar. Mafi yawan girman ɗan tayi, kusan kashi biyu cikin uku ko fiye, a makonni shida na ƙarshe yake faruwa, kuma a daidai wannan lokaci ne hantsa ke ginuwa tana tara dakashi. Ga ciki ya matse tumbi, uwar ba ta iya cin abu mai yawa, sai mai kyau. Yanzu a ɗora wannan a kan shekarar manomin Minjibir. Awaki suna ɗaure duk damina. Da an kawar da amfanin gona, wajen Nuwamba, sai a sake su, su ci su yi ƙiba, su haɗu da bunsuru. A ƙirga wata biyar daga nan, a faɗa Afrilu. Watau yawancin cikin da aka ɗauka da kaka, makonninsa shida na ƙarshe suna faɗawa ne cikin Maris da Afrilu, lokacin da gonaki suka zama fili fetal, harawar da aka ɗora a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya ta kusa ƙarewa, farashinta kuma ya hau. Akuyar da ta yi wannan zango a kan busasshen karan dawa za ta haifi ƙananan 'ya'ya, hantsarta a tsotse, dakashinta kaɗan, wani lokaci ma sai bayan sa'o'i yake sauka. Wadda kuma ta ɗauki ciki a farkon damina za ta haihu cikin hunturu, ita abinci bai cika yi mata wuya ba, amma 'ya'yanta za su faɗo cikin iskar dare mai sanyi, inda jinkirin sa'a biyu kan iya zama ajali.

Akwai kuma wata gasa a cikin gida wadda ba a cika faɗa ba. Harawa mai kyau da dusa sau da yawa ragon kiwo ake ajiye wa, wanda ake turkewa don layya ko don kasuwa, saboda ribarsa a fili take, ranar sayarwa za a ƙirga ta. Akuya mai ciki kuwa sai ta yi ta kalaci da ragowa. In aka yi lissafi da kyau, damin harawa da ɗan tafin dusa ko ƙuli-ƙuli ko angurya a kullum na mako shida bai kai kuɗin 'yan awaki biyu da za su rayu su girma ba. 'Ya'yan gawo ma, da ke zubowa da rani daidai lokacin da ake bukatarsu, abinci ne mai gina jiki, kuma tsofaffi sun san haka tun kafin a auna shi a ɗakin bincike. Ruwa kuma kada a raina shi, domin hantsa ba ta cika da ƙishirwa.

Abin sha'awa shi ne, wani ɓangare na maganin wannan matsala a ƙasar Minjibir ɗin aka yi aikinsa. Cibiyar IITA mai hedkwata a Ibadan tana da gonar gwaji a can, kuma a shekarun 1990 masanin wake B. B. Singh da abokan aikinsa, tare da cibiyar nazarin dabbobi ta ILRI, sun yi aiki a kan irin waken da zai ba da ƙwaya ya kuma ba da harawa mai yawa. Sun yi haka ne bayan sun fahimci abin da manomin Kano ya daɗe da sani, cewa shi wake ba don tukunya kaɗai ake shuka shi ba. Irin da ya ba da ƙwaya ya bar dabba da yunwa, manomi ba ya karɓarsa. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan da lissafin watannin da aka yi a baya, a ware wani kaso na harawar tun ranar da aka ɗaure ta, a ce wannan na masu ciki ne, ba a taɓa shi sai Maris.

Ranar haihuwa kuwa aikin ɗan kaɗan ne, amma yana son a tsaya a kansa. Akuyar da hantsarta ta cika ta yi sheƙi, ta fara kwanciya tana tashi, a sassauta mata igiya ko a kwance ta, a ware ta wuri mai bushewa, domin wadda aka ɗaure gajere a tsakiyar sauran dabbobi ba ta iya juyawa ta lashe ɗanta, kuma ta wannan lasar ce take sanin ƙanshinsa ta karɓe shi. Kan nono yakan zo a toshe da wani ɗan danƙo, sai a matsa sau ɗaya ko biyu ya buɗe. A nan ne al'adar tatsewa take da ɗan tushe, sai dai ɗigo biyu ake nufi, ba ƙoƙo guda ba. A tsoma cibiya cikin aidin. Sa'an nan a tsaya a ga ɗan ya kama da ido, kada a ɗauka ya sha don an gan shi a ƙarƙashin uwar. Wanda ya sha, in aka ɗaga shi za a ji cikinsa a cike, bakinsa da ɗumi, ya kwanta ya yi barci. Wanda bai sha ba, cikinsa a lotse yake, bayansa a gantsare, yana ta kuka, daga baya ya yi shiru, shirun nan kuwa shi ne abin tsoro. Akuyar da ke haihuwar fari takan guje wa ɗanta ko ta tunkuye shi, sai a riƙe ta a sa masa nono a baki, sau biyu sau uku ta saba. In 'yan uku ne, a kife manyan biyu da kwando na ɗan lokaci, autan ya sha shi kaɗai.

In ɗan ya riga ya yi sanyi har ba ya iya ɗaga kai, kuskuren da ake yi shi ne a buɗe bakinsa a ɗura masa. Wanda ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura huhunsa yake tafiya. A fara goge shi, a naɗe shi a tsumma kusa da ɗumin murhu, in ya farfaɗo ya fara tsotsar yatsa sa'an nan a ba shi kaɗan kaɗan da sirinji marar allura. In kuwa uwar ce ta mutu, ko hantsarta ta kumbura da ciwo, mafi kyau shi ne a nemi dakashin wata akuya ko tunkiya da ta haihu a ranar, ko a gidan maƙwabta ne. In babu, na saniya ya fi babu, kuma rugar Fulani ba ta cika nisa ba. Inda akwai firji mai ƙanƙara ana iya daskarar da shi ya yi watanni, a narkar da shi cikin ruwan ɗumi. Abu ɗaya ne ba a yi, shi ne tafasawa, domin wuta tana kashe garkuwar, abin da ya rage abinci ne kawai. Madarar gwangwani ko ta gari ma haka, tana cika ciki amma ba ta da makami ko ɗaya.

An faɗa a baya cewa kowane sinadarin garkuwa da cutar da aka ƙera shi dominta. Wannan yana da ma'ana biyu ga ma'aikatan hukuma. Ta farko ta shafi rigakafi. Akwai annobar nan ta awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda aka fara bayyanawa a ƙasar Kwaddibuwa a 1942. 'Yar'uwar bushiya ce, wadda aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya a 2011, kuma a 2015 hukumomin duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a kawar da ita ma. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar rigakafinta. Uwar da aka yi wa allurar takan zuba kariyar cikin dakashinta, ta rufe ɗanta har wata uku zuwa huɗu, daga nan shi ma a yi masa tasa. Allura ɗaya ta kare rai biyu ko uku ke nan, amma da sharaɗin ɗan ya sha a ranar farko. In bai sha ba, kuɗin da hukuma ta kashe ya tsaya a jikin uwar.

Ma'ana ta biyu ta shafi rabon awaki da gwamnatoci da ƙungiyoyi ke yi wa mata don rage talauci. Akan so a sayo masu tsohon ciki, don a ga sakamako da wuri. Amma akuyar da aka sayo a kasuwar Wudil ko ta Dambatta, aka cusa ta a mota, ta kwana biyu ba ci ba sha, aka sauke ta a baƙon gida saura kwana kaɗan ta haihu, garkuwar da ke hantsarta ta cututtukan tsohon gidanta ce. Jikinta yana bukatar makonni kafin ya san na sabon wuri. Ga wahalar tafiya ta rage mata nono. In 'ya'yan suka mutu sai a ce matar ce ba ta iya kiwo ba. Rahoton da ake kai wa ofis kuwa yakan tsaya ne a kan awaki nawa aka raba, da hoton ranar rabo. Da za a ƙara layi ɗaya a takardar, a tambayi 'ya'ya nawa aka haifa, nawa ne suka kai wata uku, da an san ko shirin ya yi amfani.

Ba zai yiwu a yi maganar dakashi a gaban iyaye ba tare da an taɓo na ɗan Adam ba, ko da a taƙaice. Gaskiya ne jariri yana zuwa da guzurin garkuwa daga mahaifa, don haka halinsa bai kai na ɗan akuya tsanani ba. Amma dakashin mace yana ɗauke da wani nau'in garkuwar da ke shafe bangon hanji ya hana cuta kamawa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Al'adar matse shi a zubar, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar dabba har "nono mai kyau" ya zo, tana raguwa saboda aikin asibitoci da ungozomomin da aka horar, amma ba ta ƙare ba. Ra'ayi ɗaya ne ke aiki a ɗaki da kuma turke, kuma mace ɗaya ce take tsaye a wuraren biyu. Ma'aikaciyar lafiya da malamin dabbobi darasi ɗaya suke ɗauke da shi zuwa gida ɗaya, kowa ta ƙofarsa, ba su taɓa zama sun daidaita bakinsu ba.

Nan ne kuma maganar ta zama ta ɗaliban harshe. Abin da aka sani game da dakashi yana rubuce ne da Turanci, a mujallun da cibiyar NAPRI ta Shika da tsangayoyin likitancin dabbobi ke karantawa. Masu akuyar kuwa mata ne da yawancinsu ke cikin gida, malamin gona namiji ba ya shiga wurinsu, in ya yi bayani a ƙofar gida maigida ne ke ji, shi kuwa hankalinsa yana kan rago da taki. Hanyoyin da ke kaiwa gare su sanannu ne: rediyo, makarantun Islamiyya na matan aure, asibitin awo, da ma'aikatan gona mata irin waɗanda hukumar KNARDA ke turawa. Saƙon da za a bi da shi ta waɗannan hanyoyi dole ya zo da ma'aunin da ke cikin gidan. Mililita ba ta da ma'ana ga wadda ba ta da mazubin awo, amma ta san ludayi da kofin shayi da kwalbar lemo. "Sa'o'i shida" ma gara a mayar da shi lokutan da ake rayuwa da su: wanda aka haifa da asuba ya sha kafin rana ta fito, a sake duba cikinsa da hantsi, a kuma dubawa da azahar. "Makonni shida na ƙarshe" kuwa shi ne daga lokacin da hantsa ta fara saukowa. Fassarar irin wannan ba ta yiwuwa daga kan tebur. Sai ɗalibi ya je Kunya ko Wasai ya zauna da tsofaffin mata masu kiwo, ya ji da waɗanne kalmomi suke bayyana akuyar da ta kusa haihuwa, da ɗan da ya ƙoshi, da wanda bai ƙoshi ba, ya rubuta su yadda suka faɗa, sa'an nan ya kai wa likitan dabbobi su tace tare.